Tarihin Marigayi Muniyoma Koso, Sarkin da Ya Mai da Gure Babban Birnin Muniyo

Gabatarwa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk lokacin da aka taru a ƙasar Gure domin tunawa da sarauta da waɗanda suka riƙe ta, akwai suna guda da ba ya yiwuwa a tsallake, shi ne sunan Muniyoma Koso. Gindin da sarautun wannan yanki suka tsaya a kansa ya girmi zamanin Nasara da nisa. Koso ne ya ɗauke fadar Muniyo daga Bune ya kawo ta Gure, kuma a zamaninsa ne sunan garin ya shiga littattafan da ake karantawa a ƙasashe masu nisa.

Labarinsa ya iso ga mutanen yau ta hanyoyi uku: ta bakin dattawa da maroƙan fada, ta rubutun matafiya biyu da suka gan shi ido da ido, sa'an nan ta takardun da Faransawa suka tara bayan sun kama ƙasa. Wanda ya natsu ya duba waɗannan rubuce-rubuce zai lura cewa abin da ya fi fitowa fili game da Koso lissafi ne: yawan dawakinsa, harajin da ake biyansa, da bashin da ake binsa. Haka al'adar takarda take. Ta fi riƙe mutum ta wajen abin da ya biya, ko ya karɓa, ko ya yi shari'a a kai. Wannan ne ya sa tarihin Koso ya zama mabuɗi ga duk ɗan ƙasar nan da yake neman sawun kakanninsa a cikin tsofaffin takardu.

Ƙasar Muniyo da Gidan Sarautarta

Muniyo ƙasa ce ta duwatsu da tuddan rairayi. Tana gabas da Damagaram, tana arewa da kogin Komadugu Yobe, duwatsun Kutus kuma suna arewa da ita. A tsakanin tuddan akwai kwaruruka masu ruwa kusa, inda goriba da dabino suke tsirowa, ake kuma noman rani. A waɗansu kwarurukan, idan ruwan damina ya janye, kanwa da gishiri ne suke fitowa, kuma su ne arzikin da ya sa aka san wannan yanki tun daga Kano har Nufe. Mafi yawan mazauna ƙasar Mangawa ne, reshe daga Barebari, masu magana da harshen Kanuri. Suna zaune tare da Fulani makiyaya, da Buzaye, da Tubawa, da Hausawa fatake waɗanda kasuwancin kanwa ya kawo.

Sarkin ƙasar ana kiransa Muniyoma, wato mai Muniyo. Ɗafin nan na ƙarshen kalmar na Kanuri ne, kuma shi ne ake ji a sunayen sarautu irin su Galadima da Ciroma da Yarima, waɗanda Hausawa suka aro daga Barno tun zamani mai tsawo. Ruwayar gidan sarautar, wadda aka rubuta tun farkon zuwan Faransawa, ta danganta asalin sarakunan da ƙasar Mandara, kudu da tafkin Cadi. Muniyo tana daga cikin ƙasashen da suke bin Barno: sarkinta yana aika gaisuwa, yana ba da mayaƙa idan aka nema, kuma daga can ake tabbatar masa da rawani. Amma a cikin ƙasarsa shi ne mai yanka da sakewa. A ƙarƙashinsa akwai lawanai masu riƙe da jerin garuruwa, a ƙarƙashinsu kuma akwai bulamomi, kowane da ƙauyensa. Kafin zamanin Koso, fadar tana garin Bune, kudu da Gure.

Zamanin da Ya Tashi a Cikinsa

An haifi Koso a tsakanin ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19, saboda haka ƙuruciyarsa ta zo daidai da girgizar da ta fi kowace girma a tarihin Barno. A shekarar 1808 mayaƙan jihadi na Fulani suka ci Birnin Gazargamu, mazaunin sarakunan Saifawa na tsawon shekaru fiye da 300. Mai na Barno ya nemi taimakon malamin nan Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wanda aka fi sani da Shehu Laminu. Shi ne ya tsayar da daular bayan ta kusa rushewa, ya kafa Kukawa a 1814, sannu a hankali kuma iko ya koma hannunsa, Mai ya zama sai suna.

Wannan sauyi bai wuce lami lafiya a ƙasar Mangawa ba. A 1823 wani malami mai suna Fanami ya tara jama'a mai yawa ya ƙi bin Shehu, har Shehu da kansa ya fito da runduna zuwa yamma. Baturen Ingila Dixon Denham yana cikin tafiyar, kuma ya rubuta yadda aka ƙare: Malam Fanami ya zo ya yi mubaya'a, Shehu ya yafe masa, ya yi masa tufafi ya sallame shi. Abin da ya faru ya nuna wa Kukawa cewa iyakarta ta arewa maso yamma tana bukatar sarki mai ƙarfi, wanda zai iya riƙe Mangawa, ya kuma tare harin da ke zuwa daga hamada.

A cikin waɗannan shekaru na Shehu Laminu ne Koso ya hau gadon sarautar Muniyo, bayan jayayya a cikin gida irin wadda ba a raba gidajen sarauta da ita. Ya gaji matsayi mai gata. Ƙasashen da ke arewa maso yammacin Komadugu sun tsare kansu da kansu a lokacin yaƙe-yaƙen jihadi, ba su faɗa hannun Fulani ba, saboda haka ushirin hatsin da talakawa suke fitarwa yana tsayawa ne a rumbunan sarakunansu, ba a kai shi Kukawa. Wannan gata ita ce ta ba Koso abin ciyar da dawaki da bayin fada, ita ce kuma tushen ƙarfin da ya yi daga baya. Ya riƙe amanar Shehu Laminu har Shehu ya rasu a 1837, ya ci gaba da bin ɗansa Shehu Umar.

Daga Bune zuwa Gure

Babban aikin da ake tuna Koso da shi shi ne matsar da fada zuwa arewa. Yankin Gure a lokacin yana hannun mutanen da ake kira Diggera, waɗanda matafiyi Barth ya lissafa cikin Buzaye. Koso ya karɓe shi da yaƙi, sa'an nan, maimakon ya naɗa wakili ya koma Bune, sai ya tare a can da kansa. Sarkin da ya zauna a bakin iyaka yana jin labarin mahara tun kafin su iso gonaki, dawakinsa kuma suna kusa da inda ake bukatarsu. Da wannan ƙaura Koso ya mai da kansa garkuwar Barno ta fuskar hamada, kuma wanda ya zama garkuwa ba a cika taɓa rawaninsa ba.

Wurin da ya zaɓa ya dace da manufarsa. Garin ya jingina da dutse, unguwanninsa sun rarrabu bisa ga yadda ƙasar ta hau ta sauka, an kewaye shi da shinge mai ƙarfi, a ƙasa kuma akwai kwari mai rijiyoyi da lambuna. A cikin ɗan lokaci Gure ta tara dubban mutane: fadawa da barorinsu, malamai, maƙera, masaƙa, da baƙin ƴan kasuwa. Bune ba ta mutu ba, ta ci gaba da zama gari mai daraja a matsayin tsohon mazaunin gidan, kuma zumuncin da ke tsakanin garuruwan biyu ya samo asali ne daga nan.

Baƙi Biyu daga Turai

A watan Maris na 1850 wata tawaga da gwamnatin Ingila ta aiko ta tashi daga Tarabulus ta nufo ƙasashen Sudan. Shugabanta shi ne James Richardson, tare da Jamusawa biyu, Heinrich Barth da Adolf Overweg. Bayan sun ƙetare hamada da Abzin, sai suka rabu a Damargu a watan Janairu na 1851, da alkawarin haɗuwa a Kukawa. Richardson ya biyo ta Damagaram, ya yi makonni a can a zamanin Sarki Ibrahim, sa'an nan a watan Fabrairu ya iso Gure. Koso ya karɓe shi da karamci, ya saukar da shi, suka gana. Richardson ya rubuta wannan ziyara a littafinsa na yau da kullum, kuma tana cikin abubuwa na ƙarshe da ya rubuta, domin ajali ya cim masa a Ngurutuwa ranar 4 ga Maris 1851, bai kai Kukawa ba. An buga rubutunsa a Landan a 1853.

Baƙo na biyu shi ne Barth, wanda mutanen ƙasashen nan suka sani da Abdulkarim. Ya bar Kukawa a ƙarshen Nuwamba na 1852 da niyyar zuwa Tumbutu, ya ratsa ƙasar Manga, ya biyo ta Bune, ya sauka Gure a tsakiyar Disamba, ya yi kwanaki kaɗan, sa'an nan ya wuce ya isa Damagaram ranar 25 ga watan. Barth mutum ne mai tambaya da ƙididdiga, kuma ya riga ya ga fadoji da yawa, har da ta Kano da ta Kukawa, saboda haka shaidarsa tana da nauyi. Ya ɗauki Koso a matsayin wanda ya fi ƙarfi da kwarjini a cikin sarakunan da ke ƙarƙashin Barno. Ya yaba ginin fadarsa, ya ga ya fi na Kukawa ƙwari da ado. Ya kuma ƙiyasta cewa idan yaƙi ya tashi, Muniyoma yana iya fitar da mahaya kimanin 1,500 da maharba masu baka tsakanin dubu 8 da dubu 10. Littafin Barth ya fito cikin juzu'i biyar a 1857 da 1858, da Jamusanci da Ingilishi, kuma ta wannan hanya ce sunan Gure da na sarkinta suka shiga taswirorin Turai.

Haraji, Dukiya da Bashi

Abin da ya fi daraja a cikin bayanin Barth shi ne tsarin harajin Muniyo. Kowane namiji baligi yana biyan wuri 1,000 a shekara saboda kansa. Idan yana da takarkari, yana biyan wuri 1,000 a kan kowane ɗaya. Idan yana da bayi, yana biyan wuri 2,000 a kan kowane bawa. Jimillar abin da ke shiga taskar sarki an ƙiyasta ta a kan wuri miliyan 30 a shekara, kwatankwacin liyari dubu 10 na azurfa bisa canjin wannan lokaci, ban da ushirin hatsi.

Waɗannan ƴan lambobi suna faɗin abubuwa da yawa. Sanya haraji a kan takarkari ya nuna inda dukiyar ƙasa take. Takarkari shi ne motar wancan zamani: shi ke ɗaukar kanwa da mangul daga kwaruruka zuwa kasuwannin ƙasar Hausa, inda makiyaya ke bukatarsu domin dabbobi, majema domin fata, mata domin miya da kunu, masu taba kuma domin haɗawa da ita. Shi ke dawowa da tufafi da goro da hatsi. Sarkin da ya ɗora kuɗi a kan takarkari ya san ta inda zai kama fatauci ba tare da ya tsare kowace hanya ba. Biyan haraji da wuri kuma shaida ce cewa Muniyo ta shiga kasuwar da ta haɗa ta da Kano da Katsina, inda wuri ya daɗe yana yawo a matsayin kuɗi.

Harajin bawa yana tuna wa mai karatu wani ɓangare na wancan zamani da bai kamata a rufe ba. Bauta tana cikin ginshiƙan tattalin arzikin Barno da Damagaram da ƙasar Hausa baki ɗaya, Muniyo ma ba ta fita daban ba. A cikin waɗanda suka haƙa rijiyoyin Gure, suka nome gandayen sarki, suka dafa gishiri, akwai mutanen da aka ƙidaya su a cikin dukiyar waɗansu. Jikokinsu da jikokin iyayen gijinsu yau ƴan ƙasa ɗaya ne, masu haƙƙi ɗaya a gaban doka, kuma garin na dukkansu ne.

Duk da wannan kuɗin shiga, Barth ya tarar da Koso cikin bashi. A Gure ya haɗu da Yusuf Mukni, tsohon tafintan Richardson, wanda ya koma kasuwanci, ya sayar wa sarki kaya, yana zaune yana jiran a biya shi. Wanda ya san yadda sarauta take a wancan lokaci ba zai yi mamaki ba. Doki 1,500 suna cin hatsi da harawa kullum, mahayansu suna bukatar lifidi da takubba. Sarki kuma da kyauta yake riƙe mutanensa: riga ga jarumi, doki ga lawani, alkyabba ga manzon Shehu, sa'an nan gaisuwar Kukawa tana nan ba ta fashi. Mafi tsadar waɗannan kayayyaki Larabawan Fezzan da Gadamas ne suke kawo su ta hamada, suna bayarwa bashi da riba mai yawa. Ƙarfin da ya tsare iyaka da bashin da ya hau kan sarki tushensu ɗaya.

Akwai abin lura na ƙarshe. A duk wannan lissafi babu sunan talaka ko ɗaya. Bulama ya san mutanensa da ka, ya tara ya miƙa wa lawani, lawani ya kai fada. Dubban magidantan da suka biya wurin da ya gina Gure sun shiga tarihi a matsayin adadi kawai.

Damagaram, Rasuwarsa da Abin da Ya Biyo Baya

Babbar barazanar da ta fuskanci Muniyo a ƙarshe daga yamma ta zo. Damagaram, wadda ita ma tana bin Barno, ta yi ta ƙaruwa da ƙarfi saboda hanyar fataucin hamada da ta ratsa ta. A 1846, sa'ad da rundunar Barno take yamma saboda rikicin Sarki Ibrahim na Damagaram, sai Wadai ta afka wa Kukawa daga gabas, kuma a wannan rikici ne gidan Saifawa ya ƙare. Daga 1851 Tanimu ɗan Sulaimanu ya zauna daram a gadon Damagaram, ya tara bindigogi, ya sa aka ƙera igwa, ya kewaye birninsa da ganuwa. Tsawon ran Koso, Muniyo ta tsaya da ƙafarta, tana bin Kukawa kai tsaye, ba ta biyan kowa gaisuwa a tsakani.

Allah ya yi wa Muniyoma Koso rasuwa wajajen 1854, a lokacin da ita kanta Kukawa take cikin rikicin sarauta tsakanin Shehu Umar da ƙanensa Abdurrahman. Magadansa sun gaji ƙasa mai faɗi da maƙwabci mai ƙarfi, a daidai lokacin da hannun Barno ya fara sanyi. Kafin Tanimu ya rasu a 1884, Damagaram ta ci Muniyo da yaƙi ta shigar da ita ƙarƙashinta. A 1893 Rabe ya rushe Kukawa. A ƙarshen Yuli na 1899 sojan Faransa suka ci Damagaram bayan karon Tirmini, daga nan kuma suka miƙa gabas zuwa tafkin Cadi. Cikin shekaru 45 da rasuwar Koso, duniyar da ya yi mulki a cikinta ta shuɗe.

Gidan Koso a Takardun Nasara

Faransawa sun kafa bariki a Gure, suka mai da ita mazaunin kumandan, suka raba ƙasa kanto-kanto. Da yake suna bukatar sarakunan da jama'a za su bi, sai suka shiga tambayar asali. Tawagar Kyaftin Jean Tilho, wadda ta yi aikin shata iyaka tare da Ingilishi tsakanin kogin Kwara da tafkin Cadi daga 1906, ta zo da tafinta mai suna Moïse Landeroin, wanda ya ji Hausa har ya rubuta ƙamus da nahawu tare da Tilho. Landeroin ya zauna da dattawa ya rubuta tarihin ƙasashen da suka ratsa, har da Muniyo da jerin sarakunanta, aka buga a Faris a 1911. A lokacin akwai sauran tsofaffin da suka rayu a zamanin Koso ko suka ji daga iyayensu. Kyaftin Yves Urvoy ya ɗora a kan wannan a littafinsa na 1936, sa'an nan masanin tarihi ɗan ƙasa, Maikorema Zakari, ya sake bin ruwayoyin a bincikensa kan ƙasar Mangari, wanda cibiyar IRSH ta Yamai ta buga a 1985.

Bayan littattafai akwai takardun aiki na yau da kullum, kuma su ne suka fi amfani ga mai neman kakansa. Na farko su ne na haraji, wanda jama'a suka kira lanho. Kundayen farko sunayen garuruwa da na masu garin suke ɗauke da su, da adadin masu biya da na dabbobi. Daga baya littattafan ƙidaya suka fara jera magidanta da suna, da matansu da ƴaƴansu. A nan ne talakan Muniyo, wanda ya kasance adadi a zamanin Koso, ya fara bayyana da sunansa. Amma ya kamata a karanta su da hankali, domin mutane suna ɓoye ƴaƴa da dabbobi saboda tsoron haraji da aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai a 1946. Shekarun haihuwa kuma ƙiyasi ne na mai rubutu. Ga sarakunan kanto akwai takardun bayani na musamman, inda kumandan yake rubuta asalin sarki, da dangantakarsa da sarakunan da, da waɗanda ake ganin za su iya gadonsa.

Na biyu su ne takardun shari'a. Dokar 10 ga Nuwamba 1903 ta kafa kotunan ƴan ƙasa a yankin Afirka ta Yamma na Faransa, aka sake tsara su a 1912 da 1924 da 1931. A kundin kotu ana samun sunan mai ƙara da wanda ake ƙara, da iyayensu, da garinsu, da shaidu, da dattawan da suka zauna a matsayin masu ba da shawara kan al'ada. Rikicin gado, ko na gona, ko na rijiya, ko na kwarin dabino yana sa a jera kakanni uku ko huɗu a shafi guda. Bayan dokar 12 ga Disamba 1905 da ta hana cinikin bayi, kotunan sun ga ƙararrakin da suka shafi ƴanci, kuma a irin waɗannan shafuka ne ake samun sunayen waɗanda babu maroƙin da ya taɓa ambatonsu.

Na uku shi ne batun ƙasa. An yi dokar rajistar filaye a 1906, an yi wata a 1925 domin tabbatar da haƙƙin gargajiya, amma gonakin karkara kaɗan ne ƙwarai suka sami takarda. Saboda haka shaidar gona a mafi yawan lokuta tana cikin hukuncin kotu ko rahoton rangadin kumandan. Tun da aka kafa dokar karkara ta 2 ga Maris 1993, wadda ta amince da mallakar gargajiya ta kuma kafa kwamitocin filaye, irin waɗannan tsofaffin shaidu sun ƙara daraja. Haka nan a wajen gadon sarauta, inda doka ta tanadi cewa mai neman rawani ya kasance yana da haƙƙi bisa al'ada.

Takardun suna warwatse. Waɗansu suna gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa a Yamai, waɗansu a Dakar, tsohuwar hedikwatar Afirka ta Yamma ta Faransa, waɗansu a birnin Aix-en-Provence na Faransa. Iyakar da Tilho ya shata ta raba ƙasar Mangawa biyu, kuma gidaje da yawa sun ƙaura kudu a lokacin yunwar 1913 zuwa 1914, ko don gudun lanho, ko bayan jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930. Sunan da ya ɓace daga kundin Gure yana iya bayyana a rahotannin harajin lardin Barno da ke ajiye a Kaduna. Sai kuma a kula da rubutun suna. Richardson ya rubuta garin Gurai, ƙasar kuma Minyo. Faransawa suka rubuta Gouré da Mounio da Bouné, sunan sarkin kuma Kosso. Abin da ya sami sunan sarki ya fi samun sunan talaka, don haka mai bincike ya riƙa gwada suna ta fuskoki daban-daban, ya haɗa shi da sunan uba da na gari, sa'an nan ya auna abin da ya samu da abin da dattawan gidansu suka riƙe.

Kammalawa

Muniyoma Koso ya karɓi ƙasa a lokacin girgiza, ya tsare iyakarta, ya kafa mata birni, ya bar suna wanda abokai da baƙi suka shaida. Ya yi mulki da kayan aikin zamaninsa, masu kyau da masu ɗaci, kuma takardun da suka rage sun nuna duka biyun. Gure da ya zaɓa ta wuce zamanin Barno, da na Damagaram, da na Faransa, ga ta nan a kan babbar hanyar da ta haɗa Damagaram da Diffa, tana matsayin babban garin gundumarta.

Haƙƙin da ke kan masu sarauta da attajirai da malaman wannan ƙasa shi ne su tattara abin da ya rage tun bai salwanta ba: tsofaffin rasiɗan haraji da ke cikin akwatuna, kofen hukunce-hukunce, wasiƙun ajami, da maganar tsofaffi tun suna raye. Gara da ruwan sama ba su san darajar takarda ba, ajali kuma ba ya jiran mai rubutu.

Allah ya jiƙan Muniyoma Koso da sauran magabata, sarakunansu da talakawansu, waɗanda aka rubuta sunayensu da waɗanda ba a rubuta ba. Allah ya ja zamanin masu riƙe da sarauta a yau, ya ba su ikon yin adalci, ya zaunar da ƙasar Muniyo da Nijar baki ɗaya lafiya. Amin.